Mai Girin Kad da Ɗauko Iyali Zuwa Amurka: Abin da Doka Ta Tanada

Wanda ke riƙe da girin kad, wato katin zaman dindindin a Amurka, yana iya nema wa matarsa biza (ko mijinta, in mace ce mai katin), da 'ya'yansa marasa aure. Mata da yaran da ba su kai shekara 21 ba suna rukunin F2A, 'ya'yan da suka kai 21 kuma F2B. Uwa, uba, wa da ƙane ba sa ciki, sai mutum ya zama ɗan ƙasa tukuna.

Ana farawa da fom I-130 a hukumar USCIS, mai kula da shige da fice da zama ɗan ƙasa a Amurka, a haɗa da I-130A in mata ake nema wa. Tun Afrilun 2024 kuɗinsa dala 675 ne a takarda, 625 ta intanet. Ranar da hukumar ta karɓi fom ɗin ita ce ranar shigarka layi, ka rubuta ta ka adana. Layi ne kuwa na gaske, don doka ta ware wa rukunan biyu gurbi 114,200 a shekara, kashi 77 cikin ɗari na F2A. Kowane wata Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka tana fitar da jadawalin Visa Bulletin mai nuna inda layi ya kai. Amincewa da I-130 ba biza ba ce, kada a fara ɗaure kaya.

Daga nan fayil ya wuce cibiyar NVC, wadda ke tattara takardun biza kafin a tura su ofishin jakadanci. Can ake biyan dala 325 kan kowane mutum, a cike DS-260, fom ɗin neman bizar, mai katin kuma ya sa hannu a I-864, alkawarin ɗaukar nauyi. Samunsa na shekara sai ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnati, gwargwadon yawan bakunan da yake ciyarwa. In bai kai ba, wani mai girin kad ko ɗan ƙasa na iya tsaya masa. Sai takardar 'yan sanda ga duk mai shekara 16 zuwa sama, gwajin lafiya wurin likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi, sannan intabiyu. Fayil ɗin da aka yi shekara guda ba a waiwaye shi ba, ana iya rufe shi.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne aure. Auren Musulunci ko na gargajiya karɓaɓɓe ne muddin dokar inda aka ɗaura ta yarda da shi. Amma mai mata fiye da ɗaya, uwargida kaɗai dokar shige da ficen Amurka ta sani, amaryar da aka auro kan kishiya ba a ɗaukarta mata. Haka in an shafa fatiha a gida ango na Amurka, wakilinsa ya karɓa masa, auren ba ya ƙirguwa sai ma'auratan sun haɗu sun tare bayan ɗaurin. Tambarin shiga da fita a fasfo, tikitin jirgi da hotunan wannan zuwa su ne hujjarka. Wanda ya taɓa saki kuma sai ya kawo takardar sakin.

Yara ma da nasu sharuɗɗan. Agola yana shiga in an auri uwarsa kafin ya cika 18. Ɗan riƙo kuwa, ko tun yaye yake hannunka, ba ɗa ba ne a idon wannan doka sai an mayar da shi ɗa ta hanyar shari'a kafin ya cika 16, kuma ya yi shekara biyu a hannunka. In ranar haihuwa ta saɓa tsakanin fasfo da takardar haihuwa, jami'i na iya cewa a yi gwajin DNA.

Yaron da ya cika 21 ana cikin jira, dokar CSPA ta 2002, mai kare matsayin yara, kan cece shi: ana cire kwanakin da I-130 ya yi a hannun USCIS daga shekarunsa a ranar da layi ya iso kansa. Ya kai 21 da wata huɗu, fom ya yi wata goma sha biyar yana jiran amincewa, to a lissafi bai kai 21 ba, amma dole ya nemi bizar cikin shekara guda. Aure kuwa ba shi da magani. Ɗiyar mai girin kad da aka aurar kafin ta shiga Amurka, takardarta ta mutu nan take. Iyaye su yi wannan lissafin kafin a karɓi sadaki.

In mai katin ya zama ɗan ƙasa, matarsa ta fita daga layi gaba ɗaya, sai dai yaran da aka haɗa a fom ɗinta, ba a yi musu nasu ba, kowa sai an cike masa nasa I-130. Shi ya sa masu hangen nesa ke yi wa kowane yaro fom daban tun farko, duk da tsadar.

Matar da ta sauka Amurka aurenta bai cika shekara biyu ba, katin shekara biyu za a ba ta, a cike I-751, fom ɗin neman cikakken katin, cikin kwana 90 kafin ya ƙare. Sannan takunkumin shiga Amurka na Yunin 2025 ya shafi 'yan Chadi da Sudan, aka faɗaɗa shi a Disamba har da Nijar da Najeriya, don haka a duba sanarwar ofishin jakadanci kafin a biya kuɗin likita.