Kuben lanƙwasasshen takobi: yadda dukawa ke ɗinka shi

Me ya sa kuben takobi mai lanƙwasa ya fi na miƙaƙƙe wuya?

Takobin da aka fi gani a kafaɗar mahaya ranar hawan sallah a ƙofar fadar Zazzau miƙaƙƙe ne, mai kaifi biyu. Shi kam zarensa kai tsaye ake yi, kubensa kuma bai da wata gardama. Bisalami, wato lanƙwasasshe mai kaifi ɗaya, fitarsa a karkace take. Tsininsa sai ya goga cikin kuben tun daga ƙasa har baki kafin ya fito. Saboda haka baduku ba siffar takobin kaɗai yake aunawa ba, har da hanyar da zai bi. In lanƙwasar ba ta tafi daidai ba, misali ta yi tsanani wajen tsini, dole a ƙara wa kuben faɗi a ciki. Dukawan Farisa da Turkiyya ma, da yake nasu takubban sun lanƙwashe sosai, sukan tsaga bayan kuben daga baki zuwa ɗan ƙasa don takobin ya samu wurin fita.

Zan iya aika wa baduku awo kawai, in bar takobin a gida?

A'a. Kai masa takobin.

To, daga ina ake fara aikin?

Daga itace, ba daga fata ba. Ana samun siraran katako biyu masu laushi, busassu sarai, a kwantar da takobin a kai a zana shi. Sai a fafe cikin kowane ɓari kaɗan kaɗan, ana haɗawa ana gwadawa. Nan ne aikin yake, kuma nan masu gaggawa ke ɓata shi. Wasu kan shafa baƙin tukunya a jikin ƙarfen, duk inda ya bar tabo a itacen, wurin ne ke matsewa, sai a ƙara kankarewa. Abin da ake so shi ne takobin ya kama a baki kawai, ko an kifa kuben ba zai zube ba, amma hannu ɗaya ya isa zare shi. In an dace, a manne ɓarin biyu da gam, a sassaƙe waje ya yi sumul. Akwai masu sa kwali maimakon itace don sauƙin kuɗi. Na ado ne wannan, damina ɗaya ta ishe shi.

Wace fata ta dace?

Fatar akuya da aka jeme da bagaruwa, kuma jar akuyar Sakkwato ce kan gaba, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko don a da ta can take isa gare su. Tana miƙewa in an jiƙa ta, ta bi lanƙwasa, in ta bushe ta ɗame. Fatar kamfani da aka jeme da sinadarin kurom ba ta riƙe siffa haka, kuma tana iya jawo wa ƙarfe tsatsa. Mai son sanin bambancin jimar biyu, cibiyar binciken fata ta gwamnatin tarayya tana nan Samaru, a Zariya.

Ina ake sa ɗinki, kuma yaya ake hana fatar tattarewa?

Ɗinki yana bin tsakiyar fuskar da ke jingina da jikin mai rataye, nesa da kaifi. Fatar kuma ba a yanka ta a miƙe. A gefen ciki na lanƙwasar takan yi yawa ta tattare, a gefen waje ta gaza, don haka ake yanka ta da ɗan baka, a fiƙe gefunanta su yi siriri, a ja ta tana da danshi. Baduku kan huda da basilla, ya fara daga tsini yana hawa, yana lallashin tattarar da babban yatsa. Kada a bar takobin tsirara a ciki lokacin bushewa. A shafe shi da mai tukuna.

Ado da rataya fa?

Ja daga karan dafi yake, baƙi daga kuloko, sai a sassaƙa zane ko a saƙa siraran fata masu launi a wuya da gindi. Zobba biyu na hamila, wato maratayin takobi, ana ɗaura su a gefen bayan takobin, inda ba kaifi, sama da tsakiya, don kaifi ya dubi ƙasa, mariƙi ya ɗan ɗaga. In zobe na biyu ya sauka da yawa, tsinin kuben zai riƙa zungurar doki a kwiɓi, mahayin kuwa ba zai ji daɗin jafi ba.