Haƙƙin mallaka: me marubuci ya mallaka, kuma daga yaushe?

Ba mu da yawa. Duk Lahadi bayan la'asar muke haɗuwa a wani aji da aka ara mana a Agege, kowa ya karanto abin da ya rubuta a makon, 'yan uwa su gyara masa. Akwai mai waƙa, akwai mai gajeren labari, amma mafi yawanmu masu rubuta littafi ne a waya, suna sakin shafi-shafi a WhatsApp ga waɗanda suka biya. Kwanakin baya wata ƙanwarmu ta zo ranta a ɓace. Littafin da ta shafe wata bakwai tana bugawa da yatsa, tsakanin girki da kai yara makaranta, shi ta tarar ana karantawa a wata tashar YouTube, an sauya masa suna, nata sunan kuwa ko sau ɗaya ba a ambata ba. Da aka ce ta bi kadinsa, sai ta ce ai ba ta da bakin magana, tunda ba ta yi masa rajista ba, ba shi da lambar ISBN da ake sa wa littattafan da aka buga, ko ƙofar maɗaba'a bai taɓa gani ba. Rabin ajin suka gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan ya tsaya mini a rai, domin kalmar haƙƙin mallaka kullum tana bakinmu, ashe da yawanmu takarda muka ɗauke ta, wadda ake zuwa ofis a saya.

Kalmomin biyu Bahaushe ya san su tun kafin boko. Haƙƙi shi ne abin da yake naka wanda idan wani ya ci za a tsayar da shi a kansa, ko a nan ko a gobe kiyama. Mallaka kuwa irin ta gida ce ko gona: kai ke da ikon cewa a shiga ko kada a shiga. Idan aka haɗa su a fagen rubutu, ana nufin ikon da doka ta ba marubuci shi kaɗai a kan abin da ya ƙirƙira: ya kwafa, ya buga, ya sayar, ya fassara, ya mayar da shi fim ko wasan rediyo, ya karanta shi a bainar jama'a, ya ɗora shi a intanet. Duk wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗannan ba da izininsa ba, ya shiga gonar da ba tasa ba. Abin da muke kira satar fasaha ke nan.

Dokar da ke aiki yanzu a Najeriya ita ce ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar ta 1988. Bisa wannan doka, haƙƙin yana tabbata ne da zarar aikin ya zauna a wani abu da za a iya gani ko a saurara, takarda ce, ƙwaƙwalwar waya ce, ko murya da aka naɗa, muddin ƙoƙarinka ne ba kwafe ba. Ba a gindaya sharaɗin rajista ba. Wato ƙanwar tamu ta mallaki babin farko tun daren da ta gama rubuta shi. Kuma da yake Najeriya ta shiga yarjejeniyar Berne, ta kare haƙƙin marubuta tsakanin ƙasashe, tun 1993, wannan kariya tana bin littafin har Nijar da Ghana da sauran ƙasashen da ke cikinta.

Sai dai akwai iyaka, kuma a nan ne rigimar marubuta ta fi yawa. Doka ba ta kare ra'ayi ko jigo, zubin da ka yi masa take karewa. Marainiya a hannun kishiyar uwa, auren dole, ɗan mai kuɗi da ya so 'yar talaka, waɗannan rijiyar gari ce, kowa na iya jefa gugansa. Ruwan da ka ɗebo ka zuba a tulunka shi ne naka: jimlolinka, hirar da ka sa a bakin taurarinka, yadda ka jera al'amura filla-filla. Na sha ganin an ɓata zumunci a kan cewa wance ta saci labarin wance, da aka duba sai aka ga jigo ne kawai ya zo ɗaya. Haka kuma mai nazari ko ɗalibi da ya tsakuro 'yan layuka don sharhi, ya ambaci mai su, bai yi laifi ba.

Lambar ISBN ba ta da alaƙa da wannan duka. Lamba ce mai alƙaluma 13 da ake tantance bugu da ita a kasuwa da ɗakunan karatu, kuma Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita. Rajista kuwa a Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ake yin ta, ana ma iya yi ta intanet. Ba dole ba ce, amma ina ba da shawarar a yi, domin ranar da magana ta kai Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ke sauraron irin wannan shari'a, shaida za a nema.

Inda na fi son mu tsaya mu natsu shi ne wajen rabuwa da haƙƙin, don a nan ne ake yi mana sakiyar da ba ruwa, kuma da hannunmu. Manomi ya san bambancin aron gona da hayarta da sayar da ita. Wanda ya ba da haya, gonar tana nan tasa, shekara ta zagayo ya karɓi kayarsa. Wanda ya sayar kuwa, ko ganyen rama ya tsinka a ciki sai ya nemi izini. Rubutu ma haka ne. Kana iya ba wa mai tasha izinin karanta littafinka na shekara guda, ka ba wani izinin buga kwafi dubu a maɗaba'un Shomolu, ka riƙe ikon fim da na fassara a hannunka, kowanne da kuɗinsa. Kana kuma iya sallama shi gaba ɗaya. Matsalar ita ce mutum ya zo maka da fara'a ya ce zai sayi labari, ya turo kuɗi, ya miƙo takarda da Turanci, ka sa hannu kana jin kunyar tambaya. A garin nan na Legas, wa zai kama ɗaki bai tambayi na shekara nawa ba ne, da abin da ya shiga cikin kuɗin? To don me za mu miƙa aikin wata bakwai ba mu tambaya ba? Doka ta ce sallama haƙƙi, ko ba wa mutum ɗaya tak izini a hana kowa, ba ya inganta sai a rubuce. Saboda haka duk takardar da aka miƙo, a nemi amsar abu huɗu a cikinta kafin alƙalami ya taɓa ta: wane amfani aka ba shi, na tsawon wane lokaci, a ina, kuma nawa ne rabon marubuci. Idan Turancin ya yi nauyi, a kai wa lauya. Kunya a nan asara ce.

Ko an sayar ɗin ma, akwai abin da ba ya bin ciniki: a ambaci sunanka a matsayin mai aikin, kuma kada a jirkita shi ta yadda zai zubar maka da mutunci. Wannan yana tare da marubuci muddin ransa.

Haƙƙin kuma dukiya ce da ake gada. Yana ɗorewa tsawon rayuwar marubuci da ƙarin shekara 70 bayan shekarar rasuwarsa. Ga 'yan uwa mata masu sa hannu da Maman wane ko Ummu wance, a lura: idan ba a san ko wace ce ba, ana ƙirga shekara 70 ɗin ne daga lokacin da aikin ya fita. Ya kamata ko a gida a san littattafan na wace ce, a adana shaidar.

Mu ma masu karatu muna da namu kason. Wanda ya biya kuɗin littafi ya sayi damar karantawa ne kawai. Tura shi zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu da sunan taimako cin haƙƙi ne, ko da ba a karɓi sisi ba.

Ƙanwar tamu kuwa ba mu tashi ba ranar sai da muka sa ta buɗe wayarta. Rubutun farko yana nan da kwanan watansa, saƙonnin da ta riƙa tura babi-babi suna nan, shaidar biyan kuɗin masu karatu tana nan. Sabuwar dokar ta ba mai haƙƙi damar aika wa mai dandali sanarwa a rubuce ya sauke abin da aka ɗora ba da izini ba, YouTube ma yana da fom na irin wannan ƙorafi. Wani yayanmu da ya fi mu sabawa da kwamfuta ya zauna kusa da ita suka cike shi tare, ta sa cikakken sunanta na yanka a gurbin mai haƙƙi, aka kira magariba muka tashi.