Bitar dole ga jami'an raya garuruwa a Texas: wa ke biya, wa aka bari a baya?

A jihar Texas ta Amurka, ana biyan harajin sayayya a kan yawancin kayan da ake saya a kanti. Gwamnatin jiha na karɓar kashi 6.25 cikin ɗari, an kuma yarda garuruwa da sauran ƙananan hukumomi su ɗora nasu, muddin bai wuce kashi 2 ba. Daga cikin wannan kashi 2 ɗin ne mutanen gari kan kaɗa ƙuri'a su ware wani abu, sau da yawa rabin kashi ɗaya, domin jawo masana'antu da samar da ayyukan yi. Kuɗin ba ya zama a baitulmalin gari. Wata hukuma ta daban ake kafawa ta riƙe shi, kuma irin waɗannan hukumomi sun haura 700 a faɗin jihar.

Tushensu dokar 1979 ce, wadda aka faɗaɗa a 1989 da 1991. Iri biyu ne. Rukunin A ya fi karkata ga masana'antu, rukunin B kuwa yana iya taɓa wuraren shaƙatawa da filayen wasanni da gidaje masu sauƙin kuɗi. Kowanne da iyakarsa, kuma iyakokin suna da sarƙaƙiya. Ba a yarda a kashe fiye da kashi 10 na kuɗin shiga a kan tallata gari ba. Ba a miƙa wa kamfani tallafi sai da rubutacciyar yarjejeniya da ta fayyace ayyukan da zai samar da jarin da zai zuba, da yadda zai mayar da kuɗin in ya saɓa alkawari. Majalisar gari ma sai ta amince kafin a kashe kuɗi.

Saboda wannan sarƙaƙiya ne sashe na 502.101 na dokar ƙananan hukumomin jihar ya wajabta bita a kan yadda ake tafiyar da waɗannan hukumomi bisa doka. Aƙalla sau ɗaya a cikin kowane wata 24, mutum biyu za su halarta. Na farko daga ɓangaren gari: ko lauyan gari, ko mai gudanar da harkokinsa, ko magatakarda. Na biyu shi ne shugaban ma'aikatan hukumar, ko duk wanda ke tafiyar da aikinta na yau da kullum. Bitar ba za ta gaza awa 6 ba, kuma dole a shirya ta aƙalla sau 4 a shekara a sassan jihar daban-daban.

To, wa ke biya? Doka ta ce hukumar tana iya biya daga kuɗin shigarta. Ma'ana, jami'i ba ya taɓa aljihunsa. Mai sayen takalmi da mai cin abinci a gidan abinci su ne suka biya, ko sun sani ko ba su sani ba. Gwamnati ba ita ke koyarwa ba. An ɗora aikin a kan ƙungiyar da ke wakiltar irin waɗannan hukumomi a duk jihar, wadda a aikace ita ce Texas Economic Development Council, aka kuma ba ta damar karɓar kuɗin da ya dace. Dokar ba ta yanke adadi ba. Bayan an gama ana ba mutum takardar shaida, hukumar ta gabatar da ita ga ofishin kwanturolan kuɗin jiha. In ta kasa, kwanturola na iya cin tararta har dala 1,000 a kan kowane laifi, tarar ma daga kuɗin jama'a za ta fito.

A ganina wannan kuɗi ya halatta. Kuskure ɗaya, kamar a ba kamfani fili da tallafi ba tare da yarjejeniyar mayarwa ba, zai iya cinye abin da ya ninka kuɗin bitar shekaru masu yawa. Rigakafi ya fi magani.

Sai dai nauyin bai faɗo wa kowa daidai ba. Gari mai arziki irin Frisco, da ke arewacin Dallas, yana tara miliyoyin daloli ta wannan haraji, yana da ƙwararrun ma'aikata da lauyoyi. Kuɗin bita ba abin da zai ji a jikinsa ba ne. Ƙaramin gari a yammacin jihar kuwa, mai shaguna kaɗan, sau da yawa magatakarda ɗaya ce ke riƙe da takardun majalisa da na ruwa da na hukumar gaba ɗaya. Kuma Texas ba ƙaramar jiha ba ce, daga El Paso zuwa Houston ya fi kilomita 1,000. Kuɗin rajista shi ne ƙarami. Akwai mai, akwai masauki, akwai yinin da ofis zai zauna a rufe. Bitar da ake yi ta intanet a 'yan shekarun nan ta rage wannan wahala sosai, ya kamata a riƙe ta da kyau.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda dokar ba ta ambata ba. Mambobin kwamitin gudanarwar hukumar, aƙalla 5 a rukunin A, 7 a rukunin B, su ne ke ɗaga hannu su amince a ba wane kamfani kaza. Galibinsu 'yan gari ne masu sana'arsu, ba a biyan su albashi. Amma wannan sashe bai tilasta musu halartar bitar ba, haka ma kansilolin da ke sa hannu a ƙarshe. Abin da ya hau kansu shi ne gajeren horo a kan dokar gudanar da taro a bainar jama'a, cikin kwana 90 da kama aiki, wanda ofishin babban lauyan jiha ke bayarwa kyauta ta bidiyo. Wannan horo yana koya musu yadda za su zauna taro, ba ya koya musu abin da kuɗin ya halatta a yi da shi. Wasu garuruwa kan tura mambobinsu bitar don raɗin kansu. Da majalisar dokokin jihar za ta wajabta ta a kan kowane sabon mamba, ta kuma samar da ita kyauta ta bidiyo kamar waccan, da ƙananan garuruwa sun samu ilimin ba tare da an ƙara musu ɗawainiya ba.