Rage tsawon kwanson harsashin da aka sauya wa siffa: tambayoyi da amsoshi

A ƙasashen da doka ta yarda, mafarauta da masu wasan harbi sukan tara kwanson harsashin da suka harba su sake ɗura shi. Wasu ma sukan matse kwanson wani nau'i ya koma wani nau'in dabam. Kusan kullum wannan sauyin yana zuwa da aikin yanka.

Me ke sa a sauya wa kwanso siffa tun farko?

Ko dai nau'in da ake so ya yi wuyar samu, ko ya yi tsada, alhali ga wani mai gindi iri ɗaya da shi birjik. Tagullar kwanso, wadda kashi 70 cikin ɗari jan ƙarfe ce, kashi 30 tutiya, tana karɓar matsi ba tare da ta tsage nan take ba. Shi ya sa masu tsofaffin bindigogin 8x57 Mauser suke yin kwansonsu daga na harsashi nau'in .30-06, masu ƙaramar bindigar hannu ta Makarov suke rage 9x19 ya koma 9x18. Wani da ake yawan yi shi ne .300 Blackout daga .223 Remington.

Nawa ake cirewa?

Ya danganta da nau'in. Iyakar tsawon kwanson .223 inci 1.760 ne, wato milimita 44.7, na .300 Blackout kuwa inci 1.368, milimita 34.7. Ke nan kusan santimita guda za ta tafi, wuya (siririn saman da ke riƙe ƙwayar harsashi) da kafaɗar tsohon kwanson gaba ɗaya. Ƙungiyar SAAMI a Amurka da hukumar CIP a Turai su ke fitar da waɗannan ma'aunai, kuma al'adar masu sana'ar ita ce a tsaya inci 0.010 ƙasa da iyakar, don kwanso ya samu wurin miƙewa bayan harbi. A .300 Blackout ana neman 1.358 ke nan.

Yanka ake fara yi ko matsewa?

Nan ne sababbin hannu suka fi yin asara. Yanka biyu ne, ba ɗaya ba. Na farko na gaggawa ne, da ƙaramin zarton lantarki ko abin yankan bututu, kuma da gangan ake barin rara kaɗan. Sai a goge bakin, a shafa mai, a tura kwanson cikin mazubin da zai fitar masa da sabuwar kafaɗa da sabon wuya. Bayan ya fito ne ake yankan ƙarshe, na daidaito.

Dalili shi ne tagullar da aka matse ba ɓacewa take yi ba, wuri take nema. Idan aka tsuke baki, sai kwanson ya ƙara tsawo, bangon wuyan ya yi kauri. Idan aka buɗa shi, sai ya ɗan gajarta, bangon ya yi siriri. Wanda ya yanka daidai kafin matsewa ya auna abin da bai gama zama ba. Kuma abin da aka yanke ba ya komawa, don haka gara a bar rara a sake ragewa.

Da wane kayan aiki ake yankan ƙarshe?

Akwai ƙaramin injin juyawa na hannu irin na Forster, Lyman, RCBS ko L.E. Wilson, wanda ake saita wa tsawo. Na Lee yana da sandar ma'auni ga kowane nau'i, in ta kai ƙarshe ta tokare yankan ya tsaya. Akwai kuma mazubi mai taurin kai, wanda kwanso ke leƙowa ta samansa a goge rarar da magagari. A ganina, mai kwanso 50 bai buƙatar fiye da na hannu. Mai ɗaruruwa kuwa, yatsunsa ne za su sa ya nemi mai aiki da lantarki. Ko wanne aka ɗauka, a kankare bakin ciki da waje bayan yanka, kada kaifin ya karce ƙwayar harsashi wajen zaunar da ita.

In tsawon ya wuce da 'yar ƙanƙanuwa fa, shi ma matsala ne?

Babba ma. A ƙarshen ɗakin harsashi, wato ramin da harsashi ke zama a cikin bindiga, akwai inda ramin ke tsukewa ya shiga bututun bindiga. Kwanson da ya yi tsawo bakinsa yana cusuwa can, ya damƙe ƙwayar. Idan albarushi ya kama, ƙwayar ba ta samun sakin da ya kamata, matsin iskar ya yi sama fiye da abin da aka ƙera bindigar ta ɗauka. Gajarta ba ta kai wannan haɗari ba a kwanso mai kafaɗa, sai dai riƙon ƙwaya ya ragu, baƙin hayaƙi kuma ya taru a gibin. Amma a irin 9x18, wanda bakinsa ne ke tokare shi a ɗakin, gajarta na iya sa ya nutse har allurar da ke tayar da harbi ta kasa dukan gindinsa da kyau.

Da tsawo ya yi daidai, an gama ke nan?

A'a, kuma wannan ce tambayar da na fi so a tsaya a kanta. Idan aka sare .223 aka yi .300 Blackout, sabon wuyan daga bangon jikin kwanso yake fitowa, wanda ya fi asalin wuya kauri, kuma kaurin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Lissafin mai sauƙi ne: faɗin ƙwayar inci 0.308, iyakar faɗin wuya bayan ɗuri 0.334. Abin da ya rage 0.026 ne, a raba gefe biyu, bango bai kamata ya wuce 0.013 ba. In ya wuce, wuyan ba shi da sararin buɗewa ya saki ƙwayar, an koma haɗarin da aka gudu ta wata ƙofar. Ma'aunin tsawo ba zai nuna wannan ba. Sai an ware kwanso bisa tambarin gindinsa (rubutun sunan kamfani da nau'i da ke ƙasansa), an auna bangon, mai kauri a fere shi ko a jefar.

Sai an gasa wuyan?

Matsewa tana taurara tagulla, taurin kuma shi ke tsaga wuya bayan harbi kaɗan. Ɗan zafi a wuya da kafaɗa yana dawo da laushi. Gindin kwanso dai ba a yarda zafi ya kai gare shi, don taurinsa ne ke riƙe matsi. Wanda gindinsa ya yi laushi ya tashi daga aiki.

Tambarin gindi fa, tunda bai sauya ba?

Yana nan yana cewa .223 alhali kwanson ya zama wani abu. Harsashin .300 Blackout yana iya shiga ɗakin bindigar .223, kuma ƙwaya mai faɗin 0.308 ba ta da hanyar bi ta bututun da aka yi wa 0.224, bindigar ce ke tarwatsewa. Masu bindigogin biyu sukan ware akwati da gidan harsashi dabam ga kowanne, su rubuta sunan nau'in da manyan baƙaƙe, wasu har su shafa wa gindin kala.