Tarihin tallata yawon buɗe ido a ƙasar Zazzau

Tallata yawon buɗe ido a ƙasar Zazzau na nufin ƙoƙarin da masarauta da gwamnati da malaman jami'a da mutanen gari suka yi ta yi na jawo baƙi su zo ganin wuraren tarihi na Zariya da ƙauyukan da ke kewaye da ita, wato yankin da kogin Galma da rafin Kubanni suka ratsa, daga Dutsen Kufena har zuwa Turunku can kudu. Aikin bai taɓa zama a hannun ƙungiya ɗaya ba, kuma mafi yawan nauyinsa fada ce ta ɗauka.

Abin da ake zuwa gani

Turunku ita ce tsohuwar mazaunin sarautar, Kufena ma an zauna a gindinta tun da daɗewa sosai, har yau akwai kufan ganuwa a wajen. Ana cewa Bakwa Turunku ce (wasu sun ce namiji ne) ta dawo da gari inda yake yanzu wajejen 1536, kuma 'yarta Zariya ce aka sa wa garin sunanta, ɗayar 'yar kuma ita ce Amina. Zamanin Amina kam akwai saɓani, wasu na kai shi ƙarni na 15 wasu na 16. Ganuwar birnin ta kai wajen kilomita 14 zuwa 16 a zagaye, da ƙofofi irin su Ƙofar Doka, Kuyambana, Gayan, Kona, Bai, Galadima, Jatau da Kibo. Baturen nan Clapperton ya ratso ta Zariya a 1826 ya rubuta abin da ya gani, amma shi ba yawon shaƙatawa ya kawo shi ba.

Hawa da zamanin Turawa

Idan ana maganar abin da ya fi jawo baƙi to hawan Sallah ne, babu tantama. Hawa ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba, sai dai su ne suka mayar da shi abin nuna wa manyan baƙi, daga nan aka samu Hawan Bariki inda a lokacin sarki ke hawa ya je gaida Razdan, wato babban jami'in Turawa na lardi, a unguwar Turawa. Jirgin ƙasa ya iso Zariya wajen 1911, Sabon Gari ya kafu, sai ya zama baƙo na iya zuwa daga Legas ba tare da ya yi wata da watanni a hanya ba. A 1956 an yi gagarumin hawa a Kaduna dan tarbar Sarauniyar Ingila, sannan a 1977 lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, aka sake yin wani, har aka gina otal ɗin Durbar saboda shi, kuma mahayan Zazzau na cikin waɗanda suka fita. Har gobe ranar Hawan Daushe za ka ga ƙofar fada ta cika ba masaka tsinke, 'yan lifidi da 'yan bindiga da hakimai kowa da tawagarsa, ga masu algaita da kakaki, ga baƙi da 'yan jarida an ware musu wajen zama, kuma duk wannan hidima masarauta da masu riƙe da sarauta ne ke yinta daga aljihunsu, doki da kayan doki ba ƙaramin kuɗi suke ci ba.

Wusasa ma tana samun nata baƙin. Mishan ɗin da Dokta Walter Miller ya fara a cikin birni ne ya koma can, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa irin ginin Hausa wajen 1929, tana nan har yanzu. A Wusasa Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Hukumomi

A matakin ƙasa an fara da wata ƙungiyar yawon buɗe ido ta Najeriya a 1962. Doka mai lamba 54 ta 1976 ta kafa hukuma a madadinta, sai doka mai lamba 81 ta 1992 ta kawo NTDC, hukumar bunƙasa yawon buɗe ido ta ƙasa, kuma dokar ta tanadi hukuma a kowace jiha da kwamiti a kowace ƙaramar hukuma. Hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi kuma an kafa ta a 1979. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kula da otal-otal hurumin jihohi ne. A takarda tsarin ya yi kyau, amma wanda ya je Kufena ko Turunku zai ga cewa kaɗan ne ya sauko ƙasa. Jihar Kaduna ta fi tallata kayan tarihin Nok da ruwan Matsirga na Kafanchan da ginin Kajuru.

Jami'a

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962 kuma ta yi abin da hukumomin ba su yi ba, ko da yake ba aikinta ba ne. A shekarun 1970 masu binciken kayan tarihi irin su John Sutton sun auna ganuwar Zariya da ta Kufena suka rubuta, ɗaliban sashen tarihi da na zanen gine-gine kuma suka riƙa shiga birni suna zana gidajen ƙasa da adon bangonsu. Malaman da suka zo daga Ingila da Indiya da Amurka su ne baƙin da suka fi yawa a wancan lokacin, su hau dutse a ƙarshen mako, su sayi babbar riga mai ɗinkin hannu da kayan fata a kasuwar birni, wanda ya zo taro kuma a sauke shi a otal ɗin Kongo. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980 yawancinsu suka tafi.

Masallacin Juma'a

Wannan shi ne ginin da ya fi fitar da sunan Zariya a wajen masana gini na duniya. Babban Gwani Malam Mika'ilu ne ya gina shi a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarim, da ƙasa da azara, da bakan gizo masu tsayi waɗanda suka riƙe rufin, kuma zuriyarsa na nan a unguwar da ake kira da sunansa. A shekarun 1970 an kewaye tsohon ginin da sabon gini na siminti, abin da masana suka daɗe suna muhawara a kai. Akwai kwaikwayonsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe nasa ya rufta ana sallar La'asar, mutane suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Daga baya aka rushe shi dan a gina sabo, masarauta ƙarƙashin Mai Martaba Ahmad Nuhu Bamalli ta jagoranci neman gudummawa. Rashin tsohon ginin babbar asara ce wadda ba ta da madadi.

Halin da ake ciki

An soke hawa a 2020 saboda korona, shekarar da Sarki Shehu Idris ya rasu bayan shekara 45 a kan gado. Matsalar tsaro a hanyoyin Kaduna da Birnin Gwari ta rage baƙin waje sosai. Ganuwa ta zube a wurare da yawa, wani wajen an ɗebi ƙasarta an yi gini, wani wajen gidaje sun hau kanta. Yawancin masu zuwa Kufena yanzu ɗalibai ne da 'yan makarantun da ake kawowa a bas, sai matasan gari da ke ɗaukar hoto da bidiyo suna sawa a Facebook da TikTok.