Waiwaye: Daga Surkullen Mai Dabo Zuwa Kalmar "Hoax"

Duk mai bin labaran Turanci a intanet ya sha cin karo da kalmar "hoax", wadda ake furtawa kamar "hoks". Idan aka ce a kawo ta Hausa, sai bakin masu fassara ya rabu. Wani ya ce zolaya, wani ya ce yaudara, wani kuma ya ce ƙanzon kurege. Kowannensu ya kama wani gefe na gaskiya, domin kalmar ta yi doguwar tafiya, kuma a kowane zango ta ɗauki sabon kaya.

A ma'anar da aka fi saninta da ita, ƙarya ce da aka zauna aka tsara, aka yi mata ado har ta yi kama da gaskiya, don mutane su hau su zauna, daga baya a yi dariya. Ta bambanta da damfara, domin ɗan damfara aljihunka yake hari. Ta bambanta da ji-ta-ji-ta, wadda sau da yawa mai yaɗa ta shi ma ya yarda da ita.

Yawancin masana asalin kalmomi sun tafi a kan cewa an gutsuro ta ne daga "hocus", ita kuma rabin "hocus pocus" ce, wato surkullen da masu rufa-ido na Ingila ke karantawa a gaban 'yan kallo tun farkon ƙarni na 17. Wani marubuci mai suna Thomas Ady, a tsakiyar wannan ƙarni, ya ba da labarin wani mai dabo na zamanin Sarki James na ɗaya da ya laƙaba wa kansa sunan Hocus Pocus, saboda da waɗannan kalmomi yake buɗe kowane wasa, ya bi su da wasu masu kama da Latin amma ba su da ma'ana. Ady ya fahimci amfaninsu sarai: a shagaltar da kunnen ɗan kallo, hannu ya yi aikinsa ba a gani ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a da'irar mai dabo ranar kasuwa ya san wannan dabara, bakin nan ba ya hutawa sai an gama. A 1634 har littafin koyar da siddabaru aka buga a Landan mai ɗauke da sunan Hocus Pocus.

Shi kansa surkullen daga ina ya fito? Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne na John Tillotson, wanda ya zama babban limamin cocin Ingila a Canterbury a 1691. Ya ce wataƙila an murɗe kalmomin Latin ne da limaman Katolika ke faɗa a ibadarsu, "hoc est corpus", ma'ana "wannan jiki ne". A ganina ya kamata a riƙe wannan zance da taka-tsantsan. Tillotson ya faɗe shi ne yana tsakiyar jayayya da aƙidar Katolika, kuma shaidar abokin hamayya ba a karɓarta ido rufe. Shi ma da kansa a matsayin zato ya kawo ta. Wasu masanan sun fi karkata ga cewa Latin ɗin bogi ne kawai da masu wasa suka ƙirƙira don su yi kama da masu ilimi.

Ita "hoax" ɗin, ɗaya daga cikin wuraren farko da aka gan ta a rubuce shi ne bugun 1796 na ƙamusun Francis Grose, wanda ya tattara maganganun kan titi. A can an nuna ta a matsayin salon ɗaliban jami'a, mai nufin tsokana da yi wa mutum ba'a. Kusan irin abin da ke tsakanin taubasai ne, ko jika da kakarsa: a ɗaure fuska a faɗi abin da ba shi ba, idan mutum ya rufta a fashe da dariya tare.

Ba a daɗe ba wasan ya bar farfajiyar makaranta. A 1810 wani matashi mai suna Theodore Hook ya aika tarin wasiƙu da sunan wata mata da ke zaune a gida mai lamba 54 a titin Berners na Landan. Tun da asuba masu share bututun hayaƙi suka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Sai ga masu kawo gawayi, masu burodi, likitoci, lauyoyi, limamai, har da masu ɗauke da akwatin gawa, kowa na cewa an kira shi. Magajin garin Landan ma sai da ya zo. Titi ya cushe har yamma, Hook kuwa yana wani gida da ke fuskantar wurin yana kallo. Ana yawan ba da wannan labari don nishaɗi, amma ni matar nake tunawa, da talakawan da suka yi asarar yinin aikinsu. A da'irar mai dabo, da ƙafarka ka zo, ka san za a rufe maka ido, har ka jefa kwabo don jin daɗi. Wannan baiwar Allah ba wanda ya nemi yardarta.

Daga nan jaridu suka karɓa. A watan Agustan 1835 jaridar The Sun ta New York ta buga maƙaloli shida a jere, tana cewa masanin taurari John Herschel, wanda a lokacin yake aiki a Afirka ta Kudu, ya hango halittu a duniyar wata, ciki har da masu siffar mutane da fikafikan jemage. Herschel bai san ana yi ba. A 1912 kuma aka gabatar da wasu ƙasusuwa daga Piltdown a Ingila a matsayin na mutumin dā can, sai a 1953 bincike ya tabbatar ƙoƙon kan mutum ne aka haɗa da muƙamuƙin wani babban biri, aka goge haƙoran. Shekara 41 ke nan wasu masana suna gina nazari a kan yashi.

Ma'anar wasa dai ba ta mutu ba. Ranar 1 ga Afrilun 1957, ranar da Turawa ke zolayar juna, BBC ta nuna manoma a kudancin Suwizalan suna tsinkar taliya daga rassan bishiya. Taliya ba ta zama abincin yau da kullum a Biritaniya ba tukuna, don haka mutane suka yi ta bugo waya suna tambayar yadda za su shuka tasu. Ba wanda ya yi asarar komai, kuma ba a daɗe ba kowa ya gane.

A yau kalmar ta yi nauyi. Da ita ake kiran barazanar bam ta ƙarya, da ita kuma 'yan siyasa irin su Donald Trump ke watsi da zargi ko binciken da bai yi musu daɗi ba. Don wasa zalla, Turawa sun fi amfani da "prank", wadda matasanmu masu ɗaukar bidiyon tsokana suka fi sani.

Mu ma mun ɗanɗana sabuwar ma'anar. A farkon Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya karaɗe wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri mai ɗumi a kuma sha, wai rigakafi ne. Iyaye suka tashi 'ya'yansu kafin asuba, 'yan'uwa suna kiran juna daga gari zuwa gari saboda ƙauna da tsoro. Jaridun Turanci da "hoax" suka kira saƙon. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu, aka kwantar da wasu da dama a asibiti.