Waiwaye: tun yaushe aka gane cewa magana da mara lafiya tana cikin aikin nas?

Duk wanda ya taɓa kwanciya a gadon asibiti ko ya yi jinyar wani nasa ya san wannan lokacin, likita ya zo zagaye da ayarinsa, ya tsaya minti biyu, ya yi 'yan rubuce-rubucensa a fayil ya wuce gado na gaba, kai kuma kana ta gyaɗa kai kamar ka gane komai, sai sun fita sannan ka leƙa ka ce Sista don Allah wai me ya ce ne? To amsar da za ka samu a daidai wannan gaɓar ita ce duk maganar da muke yi. Wata za ta tsaya ta yi maka bayani har hankalinka ya kwanta, wata ta ce ka jira likita ya dawo, wata ma ko juyowa ba za ta yi ba. Mutane dai sun fi saurin cewa hali ne, wannan mai kirki ce waccan kuma masifaffiya ce. E akwai hali a ciki, ban musa ba, amma in ka bi tarihin abin za ka ga ya wuce nan, don an fi shekara 160 ana gano abu ɗaya ana mantawa ana sake ganowa.

Jinya dai ta girmi asibitin zamani nesa ba kusa ba, a tarihin Musulunci ma ga Rufaida Al-Aslamiyya da tantinta a Madina, inda aka kai Sa'ad bn Mu'az bayan raunin da ya samu a yaƙin Khandaƙ. Amma aikin nas a matsayin sana'a mai makaranta da ka'ida, yawanci daga Florence Nightingale ake fara ƙirga shi, wadda ta jagoranci mata masu jinya zuwa asibitin sojojin Ingila a lokacin yaƙin Kirimiya a 1854, ta dawo ta buɗe makarantar horar da nas-nas a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860. An fi saninta da maganar tsafta da iska da lissafin mace-mace, abin da ba a cika faɗa ba shi ne ɗan littafin da ta fitar kan jinya a 1859 cike yake da maganar yadda ake magana. Ta hana a tsaya a bakin ƙofa ana raɗa-raɗa a kan mara lafiya, don yana ji, kuma abin da bai ji sosai ba zai cike shi da mafi munin zato. Ta ce kar ka yi masa magana ta bayansa ko daga nesa, ka zauna inda zai ga fuskarka ba sai ya murɗa wuya ba, kuma kar ka nuna kana sauri. Ta yi babi guda sukutum tana caccakar masu zuwa dubiya da surutun ƙarfafa gwiwa na ƙarya, irin su ai ba komai gobe za ka miƙe, alhali mutum ya san jikinsa. Har salon tambaya ta taɓa, cewa in ka tambayi mutum ya yi barci da kyau zai ce e ko a'a ba ka ƙaru da komai ba, gara ka ce awa nawa ya yi kuma a wane lokaci na dare. Wallahi in ka karanta sai ka ɗauka jiya aka rubuta.

To me ya faru? Abin da ya bazu a duniya daga tsarinta shi ne ɗaya ɓangaren, wato ladabi da biyayya irin ta soja, farar riga, matiron, wato shugabar nas-nas, a sama, likita a saman matiron. Rantsuwar da aka tsara wa nas-nas a Detroit ta Amurka a 1893, wadda aka laƙaba wa sunan Nightingale duk da ba ita ta rubuta ba, a cikinta akwai alkawarin taimaka wa likita cikin biyayya. Ko ka'idojin da majalisar nas-nas ta duniya ta fitar a 1953 sun ce aikin nas ne ta zartar da umarnin likita cikin biyayya, sai a gyaran 1973 ne aka mayar da babban nauyin da ke kanta ya koma kan mutumin da ke buƙatar jinyar. A irin wannan tsari bayani kayan likita ne, shi zai bayar in ya ga dama, kuma sau da yawa ba ya ganin damar. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1961 ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na likitocin da aka tambaya sun fi son kar su gaya wa mutum yana da ciwon daji, da aka maimaita irin tambayar a 1979 sai abin ya juye, kashi 97 suka ce suna faɗa. Yanzu ka sa kanka a matsayin nas ta wancan zamanin, ke ce ke tare da shi dare da rana, kin san abin da ke cikin fayil, ya kalle ki ya ce Sista ki gaya min gaskiya, kuma ba ki da izinin buɗe baki. Me za ki yi in ba ki gyara zanen gado ki yi sauri ki bar wajen ba?

Wadda ta fara ɗaukar maganar nan a matsayin ilimi da za a koyar ita ce Hildegard Peplau, Ba'amurkiya da ta yi aiki da sojoji masu taɓin hankali a Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu. Ta gama littafinta a 1948 amma sai 1952 ya fito, dalili kuwa masu buga littattafai suna ganin bai dace nas ta fitar da littafin ilimi ba tare da sunan likita a kai ba, kai jama'a. Abin da ta kawo shi ne jinya alaƙa ce tsakanin mutum biyu, tana da farko da tsakiya da ƙarshe, ana fara ta a matsayin baƙi, a san juna, mara lafiya ya koyi amfani da taimakon da ake ba shi, sannan a rabu yana iya tsayawa da ƙafarsa. Ta sa ɗalibanta su riƙa rubuta hirar da suka yi da marasa lafiya kalma bayan kalma a zo a zauna a duba, a ina kika katse shi, a ina ya kawo tsoronsa kika canza zance. Bayanta Ida Jean Orlando ta zo a 1961 da wani abu mai sauƙi, cewa abin da mara lafiya ya nuna ba lallai shi ne abin da yake buƙata ba, wanda yake ta kira a gyara masa filo sau biyar a dare ɗaya wataƙila ba filon ba ne, tsoron tiyatar gobe ne, don haka ki tambaya kar ki yi zato.

Amma ni a ganina binciken da ya fi taɓo inda ke ciwo shi ne na Isabel Menzies, da aka buga a 1960, a kan wani babban asibitin koyarwa a Landan da ɗaliban jinya ke ta guduwa daga cikinsa. Ta lura an yanyanka aikin ne gunduwa-gunduwa, wannan ita ke auna zafin jikin kowa, waccan ita ke rabon magani, wata ita ke wanka, ta yadda babu nas ɗaya da za ta ce wannan mutumin nawa ne, kuma ana kiran mutane da cutarsu da lambar gado, mai hantar nan na gado 10, mai ciwon huhun gado 15. Ta ce wannan ba haɗari ba ne, garkuwa ce, aikin da kullum kana cikin jini da mutuwa da kukan dangi yana da nauyi a zuciya, sai aka gina tsarin da zai hana shaƙuwa don kar abin ya yi wa ma'aikata yawa, sai dai garkuwar ba ta ma yi aiki ba, damuwar tana nan kuma an cire daɗin aikin. A 1972 kuma Felicity Stockwell ta fito da abin da ba a so ji ba, cewa akwai marasa lafiyar da nas-nas ke so da waɗanda ba sa so, masu yawan ƙorafi da waɗanda suka daɗe a kwance an fi share su. Maganin da aka gwada shi ne a ba kowane mara lafiya nas ɗaya da ke da alhakinsa tun daga kwanciya har sallama, Marie Manthey da abokan aikinta suka fara shi a asibitin jami'ar Minnesota a 1969.

A daidai wannan lokacin ne kuma hujja ta fara fitowa da lambobi, don masu riƙe da kuɗin asibiti ba sa jin yaren tausayi sai na lissafi. A 1964 a Boston aka raba mutum 97 da za a yi wa tiyatar ciki gida biyu, ɓangare ɗaya aka zauna aka gaya musu irin zafin da za su ji, a ina, na tsawon wane lokaci, da yadda za su yi numfashi su juya jiki, sai ga shi sun buƙaci kusan rabin allurar kashe zafin da ɗaya ɓangaren ya sha, kuma an sallame su kusan kwana 3 kafin su. Likitocin sa barci ne suka yi wannan, amma a 1975 Jack Hayward ya yi makamancinsa ta ɓangaren nas-nas a Ingila ya ga bayani kafin tiyata yana rage buƙatar maganin zafi. Ga kuma Cicely Saunders, wadda nas ce kafin ta zama likita, ta buɗe gidan kula da masu cutar ajali na St Christopher a 1967, ita ta dage cewa zafin mai mutuwa ba na jiki kawai ba ne, akwai na tsoro da na iyali da na ruhi, kuma ba ka gane shi sai ka zauna ka saurara. Ta ɓangaren doka ma ƙungiyar asibitocin Amurka ta fitar da takardar haƙƙin mara lafiya a 1973, sa hannu kafin tiyata ya tashi daga al'ada ya zama sai an yi bayani.

Sai batun yare, wanda shi kaɗai ya isa a yi masa rubutu daban. A 1980 a jihar Florida aka kawo wani saurayi ɗan shekara 18 a sume, danginsa masu jin Sifaniyanci suka faɗi wata kalma da ke nufin ya ci ko ya sha abin da ya ɓata masa ciki, aka fassara ta da cewa ya yi maye, aka yi ta yi masa maganin shan ƙwaya alhali jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa, ya ƙare da shanyewar hannuwa da ƙafafu, aka sasanta a kan diyyar dala miliyan 71. Kalma ɗaya fa. Irin wannan ne ya sa yanzu ake gargaɗin kar a sa yaro ko duk wanda aka tsinta a baranda ya yi tafinta. Daga 1999 da wani rahoto na Amurka ya ce tsakanin mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa duk shekara a asibitocinsu saboda kurakurai, sai maganar ta koma ta kare rai, aka shigo da dabaru irin su nas mai tashi ta miƙa wa mai karɓarta aiki a gaban gadon mara lafiya yana ji yana gyarawa, da kuma cewa bayan kin yi bayani kar ki ce ka gane ko, don kowa e zai ce, ki ce maimaita min yadda za ka sha maganin nan in ka koma gida, in ga ko na yi bayanin da kyau.

Da duk wannan ilimin za ka ɗauka an gama, ina. A 2013 rahoton Robert Francis kan asibitin Stafford a Ingila ya fito da shawarwari 290, bayan an tabbatar an bar mutane cikin ƙazantarsu suna kira ba mai amsawa, dangi suna ƙorafi ba mai saurare, kuma babban abin da ke ƙasa shi ne an rage ma'aikata don a cike gurbin kuɗi. A shekarar ne dai wata likita, Kate Granger, da ke kwance da ciwon daji ta lura ma'aikata suna zuwa kanta su yi abin da za su yi ba tare da sun faɗi ko sunansu ba, ta fara gangami a intanet cewa kowa ya fara da sannu, sunana wane. Ta rasu a 2016 tana da shekara 34. Ka duba fa, shekara 154 bayan littafin Nightingale ana gangamin a faɗi suna.

Shi ya sa nake cewa masu ɗora komai a kan hali ba su kalli duka hoton ba. Linda Aiken da abokan aikinta sun duba asibitoci 168 a jihar Pennsylvania suka buga a 2002 cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda take da su, yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 na ƙaruwa da kashi 7 cikin 100, ita ma nas ɗin yiwuwar ta gaji da aikin har ya fita ranta na ƙaruwa da kashi 23. Wadda ke da mutum ashirin ita kaɗai a aikin dare, ga ƙarin ruwa ya ƙare a can, ga rubutu a kwamfuta yana jira, ba kwas ɗin iya magana ne zai ba ta minti biyar ɗin zama ba, ko da yake faɗin suna da cewa ina zuwa nan da minti goma ba ya cin komai, wannan kam babu uzuri.

Sai korona ta zo a 2020, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware don nas-nas da ungozoma saboda cikar shekara 200 da haihuwar Nightingale, ta rufe fuskar kowa da takunkumi, masu matsalar ji da ke karanta leɓe suka shiga uku, aka hana dangi shiga, wasu ma'aikatan suka riƙa manna hotonsu suna murmushi a ƙirjin rigar kariya don mara lafiya ya san da wa yake magana, kuma nas ce ke riƙe wa mai mutuwa waya yana sallama da iyalinsa. A watan Afrilun shekarar hukumar ta fitar da ƙidayarta, nas-nas miliyan 27.9 a duniya, giɓin da ake da shi miliyan 5.9, kuma mafi yawansa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.